Yadda Ake Gane Famfon Man Mota Ya Fara Mutuwa Kafin Ya Ajiye Ka a Hanya

Famfon mai ba kasafai yake mutuwa farat ɗaya ba. Yakan yi makonni yana ba da sanarwa, sai dai sanarwar tasa ta yi kama da ta wasu cututtukan mota. Filogi da ya ƙone, koyil da ya gaji, filta da ta toshe, duk suna sa mota fizga da rashin ƙarfi. Shi ya sa famfo da yawa da ake cirewa a gareji lafiyarsu ƙalau, mai mota ya biya kuɗin sabo, bayan kwana biyu matsalar ta dawo. Abin da zan nuna maka shi ne yadda za ka karanta alamun, sannan ka tabbatar da laifin famfon ne kafin ka sa hannu a aljihu. Magana ce ta motar fetur, ta dizal tsarinta daban.

Abu ɗaya kake buƙatar sani tukuna. A motocin injekta, wato masu fesa wa injin mai ba tare da kafureta ba, famfon na lantarki ne kuma yana nutse cikin tanki. Man da yake turawa shi ne ke sanyaya shi, shi ne kuma ke shafe cikinsa, kamar dai injin sumo na rijiyar burtsatse da yake ƙonewa idan ruwa ya janye. Ana buƙatar abu biyu daga gare shi, matsi da yawan mai. Famfon da ya gaji yana iya ba da isasshen mai idan mota tana tsaye tana silo, amma ya gaza da zarar an nemi ƙari.

Kayan da za ka tanada

- Tocila mai batir, ba ashana ko laita ba
- Sukundireba, filaya da ƙananan sifanu
- Mitar auna wuta, in babu ka nemi ƙwan gwaji na volt 12 irin na masu rewaya
- Gejin auna matsin fetur da mahaɗansa. Ba kowa ke da shi ba, ana iya aro ko a je garejin da ke da shi
- Gwangwanin feshin wanke kafureta
- Gorar roba mai haske ta lita ɗaya, busasshiya, da guntun tiyo
- Tsummoki, da tukunyar kashe gobara ko bokitin yashi
- Na'urar karanta kwamfutar mota, idan da hali
- Mutum na biyu da zai riƙa murza makulli

Ka yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu, mai shayi, janareta da mai walda. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya tarar da wuta inda ba ka zata ba.

1. Ka lura da lokacin da motar ke yin abin

Wannan mataki ba ya buƙatar sifana, kuma shi ne rabin aikin. Idan mai mota ya zo ya ce min "mota tana fizga", tambayata ta farko ita ce yaushe. Famfo mai rauni yana da lokutan da yake tona kansa.

Na farko, lokacin da injin ya fi buƙatar mai: hawan tudu, ɗaukar kaya ko cika mutane, da lokacin da ka taka totur za ka wuce babbar mota. A cikin gari komai daidai, amma da ka hau titin Kaduna zuwa Zariya ka nemi gudu, sai ka ji motar ta shaƙe, ta ja baya, ka ɗaga ƙafa kaɗan kuma ta dawo hayyacinta. Wannan dawowar idan an sassauta totur alama ce mai ƙarfi, domin ka rage buƙata ne zuwa iya abin da famfon zai iya bayarwa.

Na biyu, zafi. Mota ta tashi lafiya da safe, ta yi tafiyar rabin awa ko awa guda cikin rana, sai ta mutu a kan tafiya. Ka yi ta kik ta ƙi. Ka zauna a inuwa ta huce, ta tashi kamar ba ita ba. A watannin Maris zuwa Mayu muka fi ganin irin wannan. Ka riƙe a ranka cewa sansar kiranshaf, wato ƴar na'urar da ke sanar da kwamfutar mota cewa injin yana juyawa, ita ma tana yin haka, za mu rarrabe su a gaba.

Na uku, ƙarancin mai a tanki. Idan motar tana tafiya sumul da rabin tanki amma ta fara wasa idan allura ta kusa ja, ko ta ɗauke a kwana, famfon ko ragar da ke bakinsa ne abin zargi.

Na huɗu, dogon kik. A cikin famfo akwai ɗan bawul da ke hana mai komawa tanki idan an kashe mota. Idan ya saki, layin mai yakan zama fanko, sai injin ya yi ta juyawa kafin ya kama. Gwajinsa mai sauƙi ne a motocin da famfonsu ke tashi da murza makulli: murza zuwa inda fitilun dashbod ke kunnuwa, jira daƙiƙa uku, kashe, maimaita sau uku, sannan ka yi kik. In ta tashi nan take alhali da can tana jan lokaci, matsi ne ke zubewa.

Motar da take rawa tana tsaye amma ta miƙe idan an taka totur, wannan ya fi kama da filogi, koyil ko iska da ke shiga ta tsagaggen tiyo. Famfo akasin haka yake yi.

2. Ka saurari famfon

Kashe rediyo da fanka. Buɗe murfin tanki ka kara kunne, ko ka ɗaga kujerar baya, domin a yawancin ƙananan motoci famfon yana ƙarƙashinta. Abokin aikinka ya murza makulli ba tare da kik ba. Famfo mai lafiya zai yi ɗan gurnani siriri na daƙiƙa biyu zuwa uku ya tsaya. Wanda ya gaji yakan yi kuka mai kaifi da kake ji har daga kujerar direba mota tana aiki, kuma kukan yana ƙaruwa idan mai ya yi ƙasa ko bayan doguwar tafiya.

A nan ne masu koyo suke yanke hukunci da wuri. Honda da motoci da yawa suna tayar da famfo da murza makulli, amma Toyota da yawa ba sa yi sai injin ya fara juyawa. Saboda haka shiru a Corolla ko Camry ba shaida ba ce. Ka sa a yi kik kana saurare, ko ka ɗora tafin hannunka a kan murfin famfon ka ji motsinsa.

Lokacin da kake buɗe murfin tanki, ka lura ko ya ja iska da ƙarfi. In haka ne, kuma motar ta gyaru bayan buɗewar, hanyar numfashin tankin ce ta toshe, famfon yana ja ne tankin yana riƙewa.

3. Ka tabbatar mai ne babu, ba wuta ba

Wannan na motar da ta ƙi tashi ne ɗungum. Kwance tiyon iska da ke shiga injin, fesa maganin wanke kafureta sau biyu gajeru, mayar da tiyon, ja baya, a yi kik. Idan ta tashi ta yi daƙiƙa biyu ko uku ta mutu, wutar filogi tana nan, mai ne ba ya zuwa. Idan ko tari ba ta yi ba, ka bar famfo ka koma ɓangaren wuta.

Kada ka zuba fetur da murfin gora ko ka fesa shi da baki kamar yadda wasu yaran gareji suke yi. Injin yana iya mayar da wuta ta bakin iska, kuma fuskarka ce a wurin.

Dubi abu biyu a dashbod yayin kik. In allurar juyin injin ba ta ko motsa ba a motar da ta saba motsawa, sansar kiranshaf ce ta fi kusa da laifi, kuma idan kwamfutar mota ba ta ga injin yana juyawa ba, ita da kanta za ta hana famfo wuta. In kuma ƙaramar fitila mai hoton makulli tana ƙyaftawa, motar ba ta gane makullinka ba ne.

4. Ka bi wutar da ke zuwa famfon

Buɗe akwatin fiyus. A bayan murfinsa akwai zane, nemi inda aka rubuta FUEL PUMP ko F/PMP, a Toyota kuma EFI. Zare fiyus ɗin ka haska shi. In ya ƙone, sa wani mai lamba iri ɗaya, galibi 15 ko 20. Idan sabon ya sake ƙonewa, ko dai waya ta goge tana taɓa ƙarfe, ko famfon ya yi nauyi yana jan wuta fiye da ƙima. Naɗa wayar kwafa a madadin fiyus hanya ce ta ƙona mota.

Sai rile, wato ɗan akwatin da ke kunna wa famfo wuta, a Toyota shi ne mai rubutun C/OPN. In akwai wani mai lamba iri ɗaya a akwatin, kamar na ham, musanya su. Mota ta tashi, ham ya daina kuka, ka gano ɓarawon da kuɗi kaɗan. Wasu motocin Ford suna da maɓallin da ke yanke wa famfo wuta idan mota ta bugu, kuma faɗawa rami mai zurfi yana iya kunna shi, danna shi kawai ake yi ya koma.

Yanzu ɗaga kujerar baya, buɗe murfin, dubi soket ɗin famfo. Baƙi, narkewar roba ko kore a bakin ƙarfen yana nufin wuta ba ta wucewa sosai. Nemo wayoyi biyu mafi kauri, su ne na famfo, siraran na gejin mai ne. Ka auna su soket ɗin yana jone ana kik. Abin da ka samu ya kamata ya yi kusa da abin da batir ke nunawa a daidai lokacin, bambancin kada ya kai volt ɗaya. Idan ka zare soket ka auna, mita za ta iya nuna 12 ko da zare ɗaya ne ya rage a wayar, shi ya sa ƙwan gwaji wani lokaci ya fi mita gaskiya: in haskensa ja ne dushi-dushi, wayar ce ko ƙasa, wato wayar da ke mayar da wuta jikin ƙarfen mota. Wasu sababbin motoci suna rage wa famfo wuta da gangan idan injin yana silo, saboda haka awon lokacin kik ya fi abin dogaro.

Wuta cikakkiya tana zuwa, ƙasa lafiya, famfo shiru? Ya mutu. In kana kan hanya, wani ya riƙa kik kai kuma ka bubbuga ƙasan tanki da tafin hannu ko takalmi. Burushin da ya cinye yakan sake kamawa da girgizar. In ta tashi, ka wuce gareji kai tsaye ba tare da kashe ta ba, domin ba lallai dabarar ta sake ci ba.

5. Ka auna matsi

Wannan ne gwajin da ke raba gardama, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Abin da aka saba yi shi ne a zare tiyo a ga mai yana tsartuwa a ce famfo lafiya. Tsartuwa a buɗaɗɗen tiyo ba ta nuna komai, famfon da ya rage rabin ƙarfi ma zai yi ta.

Fara da sauke matsin layi. Zare fiyus ko rilen famfo, tayar da mota ka bar ta ta mutu da kanta, ƙara kik sau ɗaya, kashe. Naɗe mahaɗin da tsumma kafin ka kwance, domin sauran mai zai fito. Wasu motoci suna da ɗan baki irin na taya a kan bututun injekta, nan ake ɗaura geji. Toyota da Honda galibi ba su da shi, sai an sa mahaɗi mai baki uku a tsakanin tiyo. Mayar da fiyus, tayar da mota, duba ko akwai yoyo.

Yawancin motocin injekta na gama-gari suna aiki tsakanin 40 zuwa 60 a ma'aunin matsi na psi, wato wajen 3 zuwa 4 a ma'aunin bar. Corolla da Camry da suka cika titunanmu suna son 44 zuwa 50. Kowace mota da lambarta, ka nemi ta taka. Karatu uku za ka yi. Na farko tana silo. Na biyu ka taka totur da sauri kana kallon allura: kada ta faɗi, in ta nutse ƙasa sannan ta farfaɗo a hankali, mai ba ya isa. Na uku ka kashe mota ka jira minti biyar. A Toyota ana so ya rage aƙalla psi 21. In allura ta zube zuwa sifili nan da nan, bawul ɗin famfo ne, ko regileta mai daidaita matsi, ko injekta mai ɗiga.

Ga motar da sai ta yi zafi take ciwo, awon safe ɓata lokaci ne. Ka bar ta ta yi aiki har ta kai lokacin da take yin abin, sannan ka karanta.

Matsi ƙasa bai isa a ce famfo ba tukuna. In motar tana da filta a waje, a ƙarƙashi ko cikin bonet, canza ta ka sake aunawa, ta fi famfo araha nesa ba kusa ba. In tana da regileta mai siririn tiyon iska a kan bututun injekta, zare tiyon mota tana silo: matsi ya kamata ya hau da kamar psi 8 zuwa 10, kuma in ka ga fetur a cikin tiyon, regiletar ta fashe.

In babu geji, yi awon yawa. Jona tiyo daga layin mai zuwa gorar nan, ka sa famfo ya yi aiki daƙiƙa 30. Famfo mai lafiya zai ba da rabin lita ko fiye, a miƙe ba tare da kumfa ko yankewa ba. Bai kai geji ba, amma ya fi duba da ido. Kuma kada ka zubar da man. Ajiye gorar ta natsa ka ɗaga ta a haske. Ruwa zai kwanta a ƙasa, tsatsa da yashi ma haka. In ka ga su, ka san abin da ya kashe famfon.

Gargaɗi ga masu sababbin motoci masu fesa mai kai tsaye cikin silinda, irin masu rubutun GDI, TSI ko D-4S: suna da famfo na biyu a jikin injin da matsinsa ke haura psi 2,000. Kada ka kwance bututun ƙarfen da ke bayansa. Wannan da kwamfuta ake karanta shi.

6. Idan fitilar cek injin ta kama

Jona na'ura ka karanta. P0087 na nufin matsin mai ya yi ƙasa, P0230 matsala ce a layin wutar famfo, P0171 kuma iska ta fi mai yawa, wanda famfo kan jawo amma tsagaggen tiyo ko sansar iska mai datti ma suna jawowa. P0335 ta sansar kiranshaf ce. Lamba tana nuna maka unguwar da za ka bincika ne kawai. Motoci da yawa ba su da sansar matsin mai, famfo zai iya mutuwa fitila ba ta kama ba.

Akwai wata cuta da ke kwaikwayon famfo sosai, toshewar katalis, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa. Ita ma tana hana gudu da hawan tudu. Bambancin shi ne geji zai nuna matsi daidai.

Mai motar da aka shigo da ita daga Amurka ƙirar 2018 ko 2019 ya ƙara da wannan: a Janairun 2020 Toyota ta yi kiranyen motoci kusan 700,000 a can, wato ta nemi a mayar mata da su ta gyara, saboda famfon Denso da farfelarsa ke kumbura ta maƙale, daga baya aka faɗaɗa kiranyen, Honda ma ta yi nata. Sa lambar shasi a shafin intanet na kamfanin ka ga ko taka tana ciki kuma ko an canza mata kafin a shigo da ita.

7. Tsofaffin motocin kafureta

Fijo 504 da ire-irenta famfonsu a jikin injin yake, injin ne ke motsa shi, matsinsa kuma kaɗan ne, bai wuce psi 7 ba. Zare tiyon da ke shiga kafureta, sa a gora, cire wayar koyil, a yi kik. Mai ya riƙa fitowa bugu-bugu da ƙarfi. Zaro sandar duba baƙin mai ka sansana: in tana warin fetur ko man ya ƙaru, fatar cikin famfon ta yage. Canza famfon da baƙin man tare.

8. Idan ya tabbata famfon ne

Cire kan batir na ƙasa, wato mai alamar (-). Share ƙurar saman tanki kafin ka buɗe, in ba haka ba cikinsa za ta faɗa. Haska ciki, in akwai laka ko tsatsa a sauke tankin a wanke, domin sabon famfo a tanki mai datti ba ya daɗewa. Canza ragar bakin famfo da robar murfi tare da shi. Guntun tiyon da ke cikin tanki na musamman ne da ke jure zama cikin fetur, tiyon waje narkewa yake yi. Ka duba shi da kyau, domin wani lokaci shi ne ya tsage yana mayar da mai cikin tanki, famfon kuwa lafiya.

Je kasuwa da tsohon a hannunka, Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Panteka a Kaduna, ka gwada tsayi, soket da baki. Ni dai na fi son sabo na Denso ko Bosch daga wanda na yarda da shi, in bai samu ba na Beljiyam na asali da aka yarda zan mayar in bai ba da matsi ba. Sabo mai arahar banza a kwali mai ƙyalli shi ne wanda ya fi dawo mana da mota. Kada ka bari a gwada maka famfo a busasshe a kan batir fiye da ƙyaftawar ido, kuma kada a yi hakan kusa da buɗaɗɗen tanki.

In makanike ya ce zai ja wa famfo waya dairek daga makulli ko batir, ka ce masa: "Maigida, a nemo inda wutar ta yanke a gyara." An tsara mota ne ta kashe famfo da zarar injin ya tsaya. Da dairek, in aka yi hatsari tiyo ya fashe, fetur zai ci gaba da kwarara.

Bayan an haɗa, murza makulli sau uku ko ka yi gajeren kik don layi ya cika, duba yoyo, sake ɗaura geji ka ga lambar da idonka kafin a mayar da kujera.

Saura abin da ke kashe shi tun farko. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, mutane da yawa sun koma sayen lita uku ko biyar, mota kullum a kan ja. Famfon yana zama rabinsa a waje cikin zafi, yana zuƙar iska a kowace kwana. Man da za ka ƙona a mako ɗaya ne ko tankin yana ƙasa ko yana sama, saboda haka in ka samu hali sau ɗaya ka kai shi kwata, sai ka riƙa ƙara ƴan litocin naka a kan wannan kwatar. Man jarka na ƴan bumburutu kuma, in dole ta sa, a tace shi da kyalle mai tsabta a bakin mazurari. Gidan mai ma ba a rantse masa ba, waɗanda suka sha fetur mai yawan methanol da ya shigo Najeriya a farkon 2022 sun sani. In ka tarar tanka tana sauke mai a gidan, ka wuce na gaba, domin lokacin ne dattin ƙasan rumbunsu yake tashi.